Takardar da Ƙwas-ƙwas ya buga da ka

A gidan hayar da ke bayan gidan mai, ɗaki na uku in ka shiga ta dama, nan Ƙwas-ƙwas yake zaune shi da matarsa. Ba sunan da ubansa ya raɗa masa ba ne. Tela, maƙwabcinsa na ɗaki na biyu, shi ya laƙaba masa, don shekara ashirin da tara bawan Allahn nan yana buga tafireta a ofishin sakandaren da ke ƙetaren layin dogo, har yatsunsa suka manta yadda ake zama shiru. In yana jiran abinci, gefen tire yake bugawa. In ana hira a ƙofar gida, gwiwarsa ce ke shan wahala. Matarsa, Maman 'Yammata, ta taɓa rantsewa ko barcin rana yake yi sai ya buga mata wasiƙa a gadon baya, har da ture ta gefe in ya kai ƙarshen layi. A makaranta kuwa Akawu ake ce masa, kuma duk wanda ya kira shi haka zai ga wuyansa ya ƙara tsawo.

Bokonsa bai yi nisa ba. Da masinja ya fara, yana share ofis yana kai takardu aji-aji. Tsohon akawun da ya tarar, wani mai baƙar zuciya da warin taba, shi ya koya masa aikin, kuma koyarwar mugunta ya yi masa. Sai ya rufe masa hannuwa da tawul, in ya sunkuya zai leƙa haruffa ya ji rula a ƙeya. Shekara biyu yana shan rula. Da tsohon ya cika shekara talatin a bakin aiki aka kafa rumfa a filin makaranta, aka yi jawabai, ɗalibai suka tafa, aka miƙa masa agogon bango a kwali. Ƙwas-ƙwas ne ya ɗauki kwalin ya kai masa har gida. Tun daga ranar ya sa wa ransa shi ma haka zai fita, da ƙafarsa, a ƙarƙashin rumfa. Saura shekara shida ya cika talatin ɗin ya kafa ƙusa a bangon ɗakinsa, sama da rediyo, ya hana kowa rataya ko hula a kanta.

Wannan ƙusa ta ciyar da Tela dariya har ya yi ƙiba. Kullum da safe sai ya leƙo da tef a wuya.

"Yaya, ƙarfe nawa ƙusarka ta ce?"

"Ta ce lokacin da za ka gama ɗinkin mutane bai yi ba tukuna."

Sarautar Ƙwas-ƙwas lokacin jarrabawa take tashi. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofis, taga ɗaya mai ƙarfe, ƙofa mai sakata ta ciki. Malamai za su kawo tambayoyinsu a rubuce da hannu, ya kulle kansa, ya buga a kan sitansil, wato takardar nan mai kaki, ya ɗora a inji ya yi ta juya hannu har ta haifi ɗari biyu, ya zuba a babban ambulan, ya manne, ya sa a kabad ɗin ƙarfe. Ba mai sake ganin takardar sai ranar da aka yage ambulan a gaban ɗalibai. A ƙa'ida malami zai dawo ya duba sitansil ɗin kafin a juya. Amma ƙa'idar ta daɗe da mutuwa, don ba a taɓa kama Akawu da kuskuren harafi ɗaya ba, kuma wanda ya ce zai duba aikinsa sai ya yi mako bai samu amsar gaisuwa ba.

Akwai wani sashe a Turancin 'yan aji uku da yake kayar da yara kamar santsin bakin famfo. Shi ne inda ake faɗin abin da aka yi ba a kama sunan wanda ya yi ba. A Hausa ai abin ba wuya: an wanke mota, ana wanke mota, za a wanke mota, ka tashi ka kama gabanka. Bature kuwa sai ya tara maka iz da woz da hazbin da wilbi, har da wani hadbin, ya bar rami a tsakiyar jimla, ya ce ka zaɓi wanda zai shiga. Sai ka duba ko jiya aka wanke motar, ko tun ɗazu ake ta wankewa, ko sai gobe. Ka jefa na jiya a ramin gobe, ka faɗi. Da Ƙwas-ƙwas ya yi wa Tela wannan bayanin, Tela ya ce ai ya gane, Turancin marasa gaskiya ne.

"An fasa kofi. An cinye naman tukunya. Wa ya fasa, wa ya cinye? Oho. Yarana ma sun iya wannan, ba su je aji uku ba."

Mai koyar da sashen shi ne Malam Dogo, kuma Malam Dogo mutum ne da ba ya son wahalar da biro. Shekara goma sha tara tambayoyi arba'in ɗin nan dai yake kawowa, a jere ɗaya, ba ya ko sauya musu wurin zama. Amsoshin har sun zama waƙa. 'Yan mata na tsallen igiya suna rera B, D, A, A, C. Yayye suna bar wa ƙannensu gado. Mai sayar da ruwa a ƙofar makaranta ma in ka ba shi takardar zai ci talatin. Shi kuwa Ƙwas-ƙwas, sau goma sha tara ya buga ta, ban da ta gwaji. In ka tashe shi daga barci ka ce tambaya ta ashirin da uku, zai karanto maka ita da raminta da amsoshinta huɗu, ko da yake in Bature ya tare shi a hanya ya tambaye shi tasha, da hannu zai nuna masa.

Ciwon idon daga gefe ya fara. Sai mutum ya zo ta haggunsa ya tsaya bai sani ba. Daga baya duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake, har abin da ke tsakiya ma ya fara yin hazo. Ya sayi tabarau a bakin kasuwa, ya sayi wani mai kauri, ba abin da ya sauya. Maman 'Yammata ta ce su je asibiti.

"In je su rubuta? Kin manta direban makaranta? Ranar da aka ji ba ya gani da ido ɗaya, wata bai cika ba suka ba shi takarda. Ba rumfa, ba tafi, ta ƙofar baya ya fita kamar wanda ya saci taya. Saura kaɗan, Maman 'Yammata. In na karɓi agogona, ki kai ni ko gidan wa."

Sai ta shiga cikin ɓoyon tare da shi. Ta nemi wani mayafi ruwan ɗorawa mai haske, kullum da safe ta ce za ta kasuwa sayen kayan miya, ta shiga gaba, shi yana bin hasken mayafin a baya har su tsallake layin dogo. Da yamma kuma ta sake tuna ta manta albasa.

A ofis dabararsa ta fi haka kyau. Malami zai miƙo takarda, ya ɗaga ta sama, ya yamutsa fuska.

"Malam, wannan rubutu ne ko kaza ce ta taka tawada? Zauna nan ka karanto mini, ba ni da lokacin duba."

Su kuwa malamai sai dariya, don kowa ya san rubutunsa ba shi da kyau. Su zauna su karanta, yatsunsa na gudu, takarda ta fito tsaf. Kusan shekara biyu ya yi yana zagin rubutun da ba ya gani, ba wanda ya ɗago shi.

A gidan haya dai an ɗago shi. Tela ya sani tun ranar da Ƙwas-ƙwas ya tsaya a ƙofar shagonsa ya gaida wata doguwar riga da ke rataye, har yana tambayarta iyali. Tela ya sauya murya daga ciki ya amsa masa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi," ya bar shi ya wuce. Mutumin da bai taɓa barin kuskuren kowa ya kwana ba, wannan bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. Ya ci gaba da tsokanar ƙusa, da kiran su amarya da ango in sun fita da safe, amma ya kwashe bokitai da takalman yaransa daga hanyar ɗaki na uku.

Saura shekara ɗaya da 'yan watanni a kafa rumfa, Malam Dogo ya yi ritaya. Aka kawo wata yarinya sabuwar fita daga jami'a, ɗalibai suna ce mata Jan Biro. Satinta na biyu ta ji waƙar B, D, A, A, C ta taga, ta tambaya aka gaya mata, ta yi rantsuwa sai ta kashe waƙar nan. Zango guda tana fama da yara, tana sa su su dubi jimla su gaya mata yaushe aka yi abin kafin su taɓa ramin. Sun tsane ta kamar allura.

Ranar Alhamis, jarrabawa kuma Litinin, ta shigo ofis da ambulan. Malamai uku na zaune suna shan shayi.

"Baba Akawu, ga tawa. Arba'in ne."

Ya zaro takardar, ya ɗaga sama, ya yamutsa fuska yadda ya saba. Bai kai ga buɗe baki ba malamin lissafi ya leƙo ta kafaɗarsa ya fashe da dariya.

"Yau dai an zo wurin! Akawu, in ka zagi wannan rubutun Allah zai tambaye ka. Ai ya fi na injinka kyau."

Sauran suka taya shi. Ƙwas-ƙwas ya sauke takardar.

"Duk da haka, 'yata, da kin zauna kin karanto mini. Ya fi sauri."

"Wallahi Baba ina da aji yanzu, daga nan kuma ni ke tsaron 'yan aji ɗaya. Ai rubutuna ko ɗan firamare zai karanta. Gobe da safe zan zo in duba kafin ka juya."

"Ki duba me?"

"Sitansil ɗin. Ai haka na ga an rubuta a ƙa'ida."

"Tun ba a haife ki ba nake wannan aikin."

Ta ba shi haƙuri, ta ce dai za ta zo, ta fita tana sauri.

Ya shiga ɗan ɗakin ya sa sakata. Ya kai takardar bakin taga, ya matso da ita har tana taɓa hancinsa, ya nisanta ta, ya karkata kai yana neman inda bututun zai faɗa a kan layi. Kanun da ta rubuta da manyan haruffa ya samu ya harhaɗa, sashen nan ne dai na Malam Dogo. Ya bi gefen takardar da ƙyar ya ga lambobi sun sauka har arba'in. Ya ga gajerun layuka masu rami a tsakiya, da 'yan ƙwayoyi huɗu a ƙarƙashin kowane. Abin da ke cikin layukan kuwa, tururuwa ce a cikin madara.

Ya yi tunanin sa ta a aljihu ya kai gida. Wa zai karanta masa? Tela da ko alamar kan kwalbar magani sai an fassara masa? Kuma fitar da takardar jarrabawa daga ɗakin nan shi ne abin da bai taɓa yi ba. Ya yi tunanin ya jira ta gobe, ya rufe ƙofa, ya ce 'yata, rufa mini asiri. Har ya tashi ya kama sakatar da ya ji ƙarar takalminta a baranda. Ya tsaya da hannunsa a kan ƙarfen har ƙarar ta wuce ta ɓace. Yarinyar da ke karanta ƙa'ida, ita ce za ta ɓoye wa shugaban makaranta magana?

Ya koma ya zauna ya fara lallashin kansa. Sabbin malamai duk haka suke, su yi ta cika baki, in lokaci ya ƙure su buɗe fayil su kwafe na wanda ya gabace su. Sashe ɗaya ne. Nata arba'in ne, na Malam Dogo ma arba'in ne. Ina za ta samo wasu arba'in ɗin daban? Motar nan dai ce za a wanke, wasiƙar nan dai ce za a rubuta.

Ya ɗaura sitansil, ya kife takardarta a kan tebur, ya saki yatsunsa. Rabon da ya ji daɗin aiki irin na ranar har ya manta. Injin na amsa masa kamar ganga, ƙararrawa na bugawa a ƙarshen kowane layi, shi kaɗai, ba mai karanto masa, ba mai jiransa. Kafin a tashi ya juya ɗari biyu da goma, ya manne ambulan, ya sa a kabad.

Da Jan Biro ta zo da safe ya nuna mata kabad ɗin da haɓa.

"An riga an rufe. Ba a buɗewa sai Litinin."

Ta dubi furfurarsa, ta ce to, ta gode.

Ranar Litinin yana zaune a kujerarsa ya ji zauren jarrabawa ya ɗauki wata irin guɗa, kamar an ci ƙwallo. Can ƙasa-ƙasa ya ji ana rera B, D, A, A, C. Yatsunsa suka tsaya a kan gwiwarsa. Bai daɗe ba ya ji ƙarar takalmin nan, wannan karon da gudu.

Ofishin shugaban makaranta ya cika. Shugaban mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, in ransa ya ɓaci sai muryar ta ƙara sirancewa.

"Akawu, wannan ce takardar da Malama ta ba ka?"

Ƙwas-ƙwas ya cire hularsa.

"Ko tambaya ɗaya ba tata. Yara sun gama cikin minti goma, suna ta ihu wai Baba Akawu ya yi musu gata. Ni ba na son dogon zance. Su wa suka zo wurinka, me suka ba ka?"

"Ranka ya daɗe, ni?"

"A'a, ni. Shekara ashirin da tara, sai da ka ga ƙofar fita za ka sayar da jarrabawa?"

Jan Biro na gefe tana kuka, kukan haushi, tana cewa zango guda ta yi, zango guda, ya mai da ita abin dariya. Ƙwas-ƙwas ya tsaya da hularsa a hannu. Ya ga rumfar, ya ga kwalin agogo, ya ga direba yana fita ta ƙofar baya. Ya kuma ji kalmar sayarwa tana yawo a ɗakin, ya san kafin yamma za ta tsallaka layin dogo, ta shiga gidan haya, ta kai gidajen surukansa uku.

"Ban karɓi komai a hannun kowa ba," ya ce. "Ba na gani ne, ranka ya daɗe. Na kusa shekara biyu ba na ganin rubutu. Da ka na buga ta."

Ya ɗauka in ya faɗa ɗakin zai yi tsit. Dariya aka yi. Malamin lissafi ne ya fara.

"Haba Akawu, nemi wata. Satin da ya wuce ka ce bakwai ɗina kamar ƙugiyar mahauta take."

"Ni ya ce rubutuna na tafiya kamar mashayi," in ji na tarihi. "Kuma gaskiya ya faɗa, layin ya karkace. Makaho ne zai ga haka?"

Shugaba ya ɗaga takardar. "Tambaya arba'in, ba kuskuren waƙafi ɗaya, ka ce mini makaho ya buga? Kullum ina ganinka ta taga kana tsallako layin dogo kai kaɗai."

Ya ce su kira matarsa, su kira maƙwabcinsa. Aka ce matarsa me za ta ce in ba abin da ya ce ba. Ɓoyon da ya yi wa shekara biyu hidima ya yi kyau har ya fi ƙarfinsa. Shugaba ya yanke magana: ko ya kawo takardar likitan ido kafin Juma'a, ko a tura maganar sama a matsayin sayar da jarrabawa.

Asibitin da ya ƙi zuwa don kada a rubuta, ranar Laraba ya je yana roƙon a rubuta. Likitar ta sa shi ya dafa haɓa a kan wani ƙarfe, ta haska masa fitila, ta sa ya riƙa danna wani abu in ya ga ɗigon haske. Ya zauna da abin a hannu yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Ta ce hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar, na hagu ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan.

"Baba, tun yaushe ka fara lura?"

Maman 'Yammata ce ta amsa. Likitar ta ajiye biro.

"Da kun zo a lokacin, magani ne na ɗigawa safe da yamma, da an tsare abin da ya rage. Wanda ya tafi ba ya dawowa. Me ya hana ku zuwa?"

Ba wanda ya ce agogo. A cikin bas, da suka kusa sauka, Maman 'Yammata ta juyo gare shi.

"Ni na riƙa shiga gaba," ta ce. "Da na ƙi, da tun bara ka faɗa a kwata an kai ka asibiti."

Da shugaba ya karanta takardar likita muryarsa ta dawo daidai. Ya ce Akawu ya yafe masa, ya ce zai tara malamai ya wanke shi, ya kuwa tara su. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, wanda likita ya rubuta wa haka ba ya zama a kujerar tafireta, sai a sallame shi bisa rashin lafiya. Wata goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ne da za a kau da kai.

Sai aka zo kan wa zai buga takardar sallamar, don makarantar kaf akawu ɗaya gare ta. Shugaba ya zauna da yatsa biyu ya ɓata takarda uku. Ƙwas-ƙwas yana jin yadda ake cin zalin injin har ya kasa daurewa.

"Tashi, ranka ya daɗe. Karanto mini."

Ya zauna, ya ɗaura takarda biyu da kabon a tsakiya. Shugaba na kai da komo yana faɗa da Turanci, cewa an duba lamarinsa, an samu rahoton likita, an yanke shawara. Da ya zo kan shawarar sai ya tsaya yana taunar kalma, ya ce woz, ya ce a'a hazbin, ya ce tsaya tukuna.

"Hazbin ne, ranka ya daɗe. Irin tambaya ta goma sha bakwai ce."

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce a sa hakan. Ƙararrawa ta buga. Ƙwas-ƙwas ya zare takardar, ya miƙa aka sa hannu, aka miƙo masa abarsa. Ya laluba ya rufe injin da rigarsa ta leda, ya ajiye mabuɗin kabad a kai.

A baranda ya ji takalmin ya tsaya a gabansa.

"Baba, don Allah ka yafe mini. Amma me ya sa ba ka ce in karanta maka ba?"

"Na ce, 'yata."

Ya jira kaɗan, sannan ya nemi hasken mayafin a bakin ƙofar makaranta. Wannan karon Maman 'Yammata ba ta shiga gaba ba, hannunsa ta kama, a gaban ɗalibai da mai sayar da ruwa da kowa.

Tela na bakin shagonsa da suka iso. Keken ɗinkinsa ya tsaya. Ƙwas-ƙwas ya tsaya shi ma, yana jiran a tambaye shi ƙarfe nawa, don ya tanadi amsa tun daga layin dogo. Tela ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya," ya janye benci daga hanya.

"Kai ma ka sani ke nan."

"Tun ranar da ka gaida rigar Alhaji."

"Ita ce ta amsa?"

"Ita ce. Ta ce a gaishe ka."

Ƙwas-ƙwas ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya shiga ɗaki. Washegari Maman 'Yammata ta aro filaya a wurin Tela za ta cire ƙusar. Ya ji ƙarar ƙarfe a bango ya ce ta bari. A nan take rataya ledar maganin ɗigawa yanzu, don nan ne kaɗai wurin da hannunsa ke zuwa kai tsaye ba sai ya laluba ba.